Kafin a Buga Kati: Yadda Za Ku Jera Shirin Aurenku

Yawancin matasan da ke zuwa gaban kwamitin aure a ikkilisiyarmu sukan zo ne bayan sun gama komai. An kai gaisuwa, iyaye sun sa rana, an ba da kafin alƙalami na ɗakin taro, ƙawayen amarya sun yanki anko, wani lokaci ma kati yana hannun mai bugawa. Sai su zauna a gabanmu suna murmushi, su ce, "Mama, mun zo a ba mu shawara ne." To, wace shawara ta rage? Duk abin da muka gano a wannan zama, ko matsalar jini ce, ko bashi, ko wani ɗa da aka bari a ƙauye ba a faɗa ba, gyaransa ya riga ya yi tsada, domin janyewa a lokacin ta zama kunyar gida biyu da asarar kuɗi. Sai a runtse ido a shiga.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, na kuma daɗe ina zama a wannan kwamiti tare da dattawa da matar fasto. Magana ɗaya nake so ku riƙe, 'ya'yana: ku sa abubuwa masu wuya a gaba, tun lokacin da cewa "a'a" ba ta da tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jerin da zan bi a nan shi na ba 'ya'yan cikina. Ko kai ɗan ECWA ne, ko COCIN, ko HEKAN, ko EYN, ko Baptis, ko Katolika, ƙa'idodin ikkilisiyarku za su ɗan bambanta, amma jerin zai yi maka aiki.

Tun maganar tana tsakaninku biyu

Da farko bangaskiya. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kada su shiga karkiya ɗaya da marasa ba da gaskiya (2 Korintiyawa 6:14), kuma sunan Kirista a takardar haihuwa bai isa shaida ba. Ki duba yadda yake magana da mahaifiyarsa, da abin da yake yi wa ɗan acaɓa in sun saɓa a kan canji. Kai kuma ka duba zamanta da ƙannenta, da abin da take faɗa a kan ƙawayenta in sun ba da baya. Ku je sujada a ikkilisiyar juna, ku ga ko an san shi a can, ko an san ta.

Sai batun "Allah ya nuna mini ke ce matata." 'Yata, in ɗan'uwa ya zo miki da wannan, ki gode masa, ki ce za ki yi addu'a, ki kuma yi ta da gaske. Amma mafarkinsa ba ya ɗaure ki. Bawan Ibrahim ya ga alama ƙarara a bakin rijiya, duk da haka sai da aka kira Rifkatu aka tambaye ta ko za ta bi mutumin, ta amsa da bakinta (Farawa 24:58). Wanda ya ce miki ƙin sa ƙin Allah ne, tsorata ki yake yi, kuma wanda ya samu mata da tsoratarwa da ita zai riƙe ta.

Gwajin jini

Ranar da kuka ga maganar ta fara nauyi, tun kafin kawu da gwaggo su ji, ku je asibiti tare. A nan zan daɗe, don a nan na fi ganin hawaye.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila a jininsa amma ba shi da ciwon, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 masu cutar sikila a ƙasar nan kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana buga ƙwallo, ba abin da za a gani a jikinsa. Amma in AS ya auri AS, cikin da matar ta ɗauka yana da kashi 25 cikin 100 ya zo SS, wato mai sikila, kashi 50 ya zo AS, kashi 25 ya zo AA, wato wanda bai gaji ƙwayar ba sam. Lissafin kuma sabo yake komawa a kowane ciki. Mutane sukan ɗauka in sun haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai kamu, har wasu su ce za su tsaya a biyu su tsira. Ba haka abin yake ba. Na ga gidan da uku a jere suka zo da SS, na ga wanda ɗan fari ne ya zo da ita. Akwai kuma AC, wanda in ya haɗu da AS ana iya samun SC, ita ma sikila ce.

Da ma in iya kai ku ɗakin yara da ƙarfe biyun dare a lokacin hunturu, sa'ad da sanyi ke tayar da ciwon. Yaro ɗan shekara shida yana kwance, idanunsa sun yi ɗorawa, ya gaji da kuka sai nishi, ba ya yarda ko zane ya taɓa ƙafarsa. Uwar ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi tana ɗora masa a gwiwa, tana rera masa waƙar makarantar Lahadi a hankali. Uban yana waje da waya a kunne, yana tashin 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ko za a samu wanda zai ba da jini, albashin watan kuwa ya riga ya tafi a kwanciyar da ta wuce. Iyayen nan suna ƙaunar juna, suna ƙaunar Ubangiji. Amma yaron ne ke ɗauke da nauyin shawarar da ba shi ya yanke ba.

Ku masu sikila da ke karanta wannan, kada ku ji kamar ina cewa bai kamata a haife ku ba. Ranku yana da daraja a gaban Allah kamar na kowa, da yawa a cikinku sun yi karatu, sun yi aiki, sun yi aure sun haihu. Mai SS da ya auri AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, ba wanda zai yi ciwon. Sani kawai ake bukata.

"Mama, ai ba abin da ya gagari Allah. Muna azumi, zai juya shi ya koma AA." Na sha jin wannan, kuma gaskiya ne ba abin da ya gagare shi. Amma da Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya dira, har da ayar Zabura ya kafa masa hujja, Yesu ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji Allah (Matiyu 4:5-7). Allah da ya sa kuka san sakamakon tun kafin aure ya riga ya yi muku alheri. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan wannan: wasu ba sa ɗaura auren AS da AS ko kaɗan, wasu sukan ɗaura bayan an zaunar da ku an yi muku bayani. Ni dai in an tambaye ni, cewa nake yi a haƙura. Rabuwar tana da zafi, na sani, na rungumi 'yan mata da yawa suna kuka a kanta. Amma da yawansu yau suna gidajen mazajensu da 'ya'ya lafiyayyu.

Ku yi gwajin a wuri biyu dabam, ɗaya ya zama babban asibitin gwamnati ko na mishan. Kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan'uwansa da idonsa, ku kuma karɓi sakamakon tare. Kada ku dogara da katin da aka yi muku tun kuna sakandare. Kuskure yana faruwa, kuma akwai masu sayen takardar ƙarya. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa mai gwajin, domin jinin da aka ƙara masa yana iya rufe ainihin nasa.

A wannan zuwan ku haɗa da gwajin HIV, da ciwon hanta nau'in B da C, da rukunin jini. HIV a yau ba ta hana aure. Ana ba da maganinta kyauta a asibitocin gwamnati, wanda kuma yake shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta ba a ganinta a gwaji ba ya sa wa abokin zamansa, uwa ma tana iya haifar ɗa lafiyayye. Ɓoyewa ce zunubi a nan. A maimaita gwajin bayan wata uku, don sabon kamu ba ya nunawa nan da nan. In ɗaya yana da ciwon hanta nau'in B, ɗayan ya fara allurar rigakafi, guda uku ce cikin wata shida, kun ga dalilin da ya sa nake cewa a fara da wuri. In kuma rukunin jinin mace ya nuna alamar ragi, kamar O- ko B-, na namijin kuma alamar tarawa, wannan ma ba ya hana aure, sai dai ta riƙe a kai cewa za ta bukaci allurar Anti-D lokacin goyon ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, don kare cikin da zai biyo baya. Wannan gwaji ba ƙaƙale ba ne na 'yan kwamiti. Jihar Kano ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024.

Zaman faɗin gaskiya

Bayan jini sai abin da asibiti ba ya gani. Ku samu wuri a fili, ko a falon fasto ko a ƙarƙashin bishiya a harabar majami'a, kowa ya zo da takarda da biro, ku kashe waya.

Nawa kake samu a wata, yanzu, ban da wanda kake sa rai? Bashin nawa ne a kanka, na banki, na ƙungiyar ma'aikata, na manhajojin nan na waya masu kiran duk mutanen da ke cikin wayarka in ka makara? Akwai ɗa ko 'ya a wani wuri? An taɓa karɓar sadakinki, in an karɓa an mayar? Ƙanne nawa kake biya wa kuɗin makaranta? Mama za ta zo ta zauna da mu ne? In aiki ya kai ɗayanmu Abuja, ɗaya yana Kafanchan, ya za mu yi? Ikkilisiyar wa za mu bi? In ɗan Bajju ya auri 'yar Tangale, da wane harshe za a yi wa yara magana, kuma Kirsimeti a garin wa? Waɗannan su ne abubuwan da ake kawo mana ƙara a kansu bayan shekara biyu da aure, kuma kusan kullum sai ka ji ɗaya ya ce, "Ai ban sani ba."

Batun dangi yana son natsuwa. Nassi ya ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa (Farawa 2:24), Nassi kuma ya ce wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni (1 Timoti 5:8). Dukansu biyu suna kanku. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a yanke adadi: kowane wata ga abin da zai tafi gidan su miji, ga na gidan su mata, a rubuta, kuma kada kowa ya aika a ɓoye. In ya yiwu ma, matar ce za ta miƙa wa uwar miji, mijin ya miƙa wa uwar mata.

Tambaya ɗaya ce ta fi sa samari yin shiru: "In muka yi shekara biyar ba haihuwa, me za ka ce wa mahaifiyarka?" Ɗana, ka amsa ta tun yanzu. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina gaya maka, sau da yawa matsalar daga wajen namiji take, don haka in jinkiri ya zo ku biyu za ku je asibiti, kuma kai ne za ka tsaya tsakanin matarka da bakin danginka.

In ciki ya riga ya shiga, ku je ku faɗa wa fasto da kanku. Ikkilisiyoyi da yawa suna gwajin ciki dab da ɗaurin aure, saboda tsoron wannan kuma wasu 'yan mata sun je an zubar musu a ɗakin da ko ruwan wanke hannu babu. Wasu sun rasa mahaifa, wasu sun rasa rai. Horon ikkilisiya na ɗan lokaci ne, akwai tuba, akwai maidowa. Kada ku rufe zunubi ɗaya da wanda ya fi shi. Mu ma dattawa da iyaye mata na Zumunta, in yara suka zo da gaskiya mu karɓe su yadda gobe wasu za su iya zuwa.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa. In ya taɓa marin ki, ko ya murɗe miki hannu, ko ya ƙwace wayarki ya fasa, ko ya hana ki zuwa wurin 'yan'uwanki, ki tsaya nan. Zobe ba ya gyara wannan. Duk mun ji labarin mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu da ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, da irin shaidar da ta fito a kotu a kan zaman gidanta, har aka yanke wa mijinta hukunci a 2025. Tun 2015 akwai dokar tarayya da ta haramta cin zarafi har a cikin gida, jihohi da yawa kuma sun karɓe ta. Ayar da ta ce mata su yi biyayya tana zaune kusa da wadda ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta (Afisawa 5:22-25). Haka ma saurayin da budurwarsa ke zaginsa a gaban mutane ko ta ɗaga masa hannu, ya yi tunani.

In a wannan zama kuka ga ba za ta yiwu ba, ku rabu kamar masu bi. Yusufu, da ya zaci Maryamu ta ci amanarsa, niyyarsa ita ce ya rabu da ita a asirce don kada ya kunyata ta (Matiyu 1:19). Abin da ɗan'uwanka ya faɗa maka a zaman gaskiya, musamman sakamakon jininsa, amana ce har kabari. Ba na ƙungiyar mawaƙa ba ne, ba na Facebook ba ne.

Iyaye, fasto da sadaki

Yanzu ne lokacin faɗa wa iyaye a hukumance, a mako ɗaya kuma ku faɗa wa fasto. Wasu ikkilisiyoyi suna son a sanar da su wata uku kafin ranar, wasu wata shida, don a samu lokacin koyarwa da sanarwa ta Lahadi uku. Kada iyaye su sa rana sai an tambayi fasto. Ku bar dangi su yi bincikensu na asali da hali, hakkinsu ne, kuma tsofaffi suna ganin abin da mai soyayya ba ya gani. In sun ƙi saboda hali, ku saurara da kyau. In kuwa don ƙabila ce kawai, ku nemi dattijon da suke jin nauyinsa ya je ya zauna da su, ku kuma ba su lokaci. Gudu da yarinya ko yin ciki da gangan don a tilasta wa iyaye yana barin tabon da kan kai har kan jikoki.

A nan zan juya ga 'yan'uwana iyaye. Kowace ƙabila da al'adarta, wani wuri akuya, wani wuri gishiri da fartanya, bargon uba da zanen uwa, ban raina ko ɗaya ba. Sadaki girmamawa ce. Amma takardar da wasu gidaje ke miƙa wa saurayi yanzu ta wuce girmamawa. Ana lissafa masa kuɗin makarantar yarinya tun daga firamare, kowane kawu ya ƙara nasa layi. Ku karanta labarin Laban. Ya sa Yakubu bautar shekara 14 saboda 'ya'yansa mata, ya sauya masa lada sau goma. Da ranar rabuwa ta zo, Rahila da Lai'atu da bakinsu suka ce ubansu ya mai da su baƙi, ya sayar da su ya cinye kuɗin (Farawa 31:14-15). Wace uwa ce take so 'yarta ta faɗi haka a kanta? Kuma duk abin da kuka tatsa a wurin yaron, 'yarku ce za ta je ta sha gari a kansa. Wani kuma in rai ya ɓaci sai ya ce mata, "Ai sayen ki na yi."

Kai saurayi, kada ka je karɓar takardar nan kai kaɗai, kada kuma ka yi ciniki da surukinka baki da baki. Wannan aikin wakili ne, dattijo mai sanyin baki wanda ya san al'adar gidan. Shi ne zai ce, "Baba, yaron nan malamin makaranta ne, ga abin da hannunsa zai kai yanzu, a yi mana alfarma." In akwai abin da ya saɓa wa bangaskiyarka a cikin takardar, kamar giya ko yanka don kakanni, wakili ya faɗa da ladabi tun da wuri, a nemi abin da za a musanya. Ke kuma amarya, ki shiga ɗaki ki yi magana da mahaifiyarki kafin a rubuta takardar. Sau da yawa uwa ce ke iya sauko da ita.

Rajista

Wannan mataki ne matasa suka fi yi wa sakaci, shi ne kuma gwauraye mata suka fi kuka a kansa. A ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, ɗayanku zai je ofishin rajistar aure ya ba da sanarwa. Za a liƙa ta kwana 21 don mai ƙorafi ya fito. In ba ƙorafi, sai a ba ku takardar izini, kuma dole a ɗaura auren cikin wata uku daga ranar sanarwar, in ya wuce sai an sake daga farko. Wanda bai kai shekara 21 ba yana bukatar rubutaccen izinin iyaye. Da takardar izinin za ku iya ɗaura aure a ofishin rajista tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ko a majami'ar da ke da lasisin ɗaura aure tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, ƙofa a buɗe, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa.

Ku tambayi fasto kai tsaye, "Baba, majami'armu tana da lasisi?" Ba rashin kunya ba ne. Ba kowace majami'a ke da shi ba, musamman ƙananan rassa da sababbin ikkilisiyoyi. In babu lasisi, ko ba ku kawo takardar izini ba, abin da aka yi muku a gaban bagade albarka ce, a idon hukuma kuwa auren gargajiyarku ne kawai yake tsaye. Bambancin yana da girma. Auren da aka yi bisa wannan doka na mace ɗaya ne da namiji ɗaya, wanda ya je ya ƙara aure na gargajiya a kansa dokar ta tanadi ɗaurin shekara biyar, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi. Saurayin da ya ce yana son auren coci amma ba ya son rajista, ki tambaye shi dalili, ki kuma saurari amsar da kunne biyu. Na zauna da matan da miji ya rasu, dangi suka zo suka kwashe har katifa, ita kuwa ba ta da ko takarda ɗaya da za ta nuna a ofishin da yake aiki.

Sai yanzu biki

Sai an gama duk waɗannan za a buga kati. Yesu ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa (Luka 14:28-30). Ku sayi littafi mai layi, ku raba shafi biyu. A hagu ku rubuta abin da zai rage bayan biki: kuɗin hayar shekara, katifa, tukwane, buhun masara ko shinkafa, ɗan abin da za a ajiye don asibiti. A dama abin da zai ƙare a ranar: abinci, ɗakin taro, kaya, hoto, kiɗa. Sai hagu ta cika za a taɓa dama. Kuɗin da ke hannu shi ne kuɗi. Alkawarin kawu da abin da ake sa ran za a liƙa a wurin rawa ba sa shiga lissafi.

Kada ku ci bashi don biki. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne, na kuwa ga amaren da watan farko na aurensu ya tafi a ɓuya daga masu bin kuɗin kanofi da na shinkafa. Adashi ya fi, in an fara shi da wuri aka kuma roƙi kwasa ta faɗo kusa da ranar. Ku yi liyafar a harabar majami'a. Ku roƙi Zumuntar Mata su dafa, ku sayi kayan ku ba su, sun saba ciyar da taron da ya fi naku. Zoɓo da kunun zaki ba abin kunya ba ne. Rigar amarya ana aro, ana haya. Anko kuwa, ku zaɓi atamfar da 'yar ƙungiyar mawaƙa mai koyon ɗinki za ta iya saya, kada ƙawa ta ƙi zuwa bikinki don ba ta da kuɗin yadi. In iyayen amarya suna son yi mata taron sallama, a yi shi a gida da addu'a da nasiha, kada ya zama biki na biyu. Wanda zai yi gunaguni a kan nama zai yi ko sa kuka yanka, kuma ba za ku gan shi ba ranar da mai gida ya zo karɓar haya.

Kafin ranar, ku zaɓi ma'aurata guda da suka daɗe tare, waɗanda ku biyu kuka yarda da su, waɗanda kuma ba dangin kowa ba ne a cikinku. Ku je gidansu ku roƙe su su zama iyayenku na aure, ku yi alkawari a gabansu cewa in magana ta fi ƙarfinku wurinsu za a fara kai ta, kafin gidan su miji ko gidan su mata. Ku kuma ba juna izini tun yanzu: kowa yana iya kiran su ba tare da ɗayan ya ce an tona masa asiri ba.

A makon farko bayan biki, ku ɗauki takardar shaidar aurenku ku yi mata kwafi uku. Ɗaya a wurin iyayen auren nan naku, ɗaya matar ta ajiye inda ita kaɗai ta sani, ɗaya a kai wurin aiki, ku kuma ɗauki hotonta a waya. Daga nan kowa ya je banki da ofishinsa da kamfanin fanshonsa, ya cire sunan wa ko ƙane da ya sa tun yana saurayi ko budurwa a gurbin makusanci, ya sa sunan matarsa ko mijinta.